Gurbin Kawu a Busar Ƙaho

Gari bai gama wayewa ba muka bar Sabon Tasha ranar Juma'a, masu shayi suna hura wuta, 'yan acaɓa suna ɗumama babura. Mu uku ne: ni, da uwargida, da wani abokina da muke koyarwa a makaranta ɗaya, wanda shi ne mai motar. Kun daɗe kuna tambayata a wannan shafi wace ƙungiyar makaɗa na fi so, ni kuwa ina ta kwana-kwana, domin wannan tambaya tamkar a ce in zaɓi ɗaya ne cikin 'ya'yana. To, wannan tafiya ta bi da ni ta wurin mafi yawansu a ƙarshen mako guda, kuma ta ba ni amsar ba tare da na nema ba.

Bari in fara faɗa muku abin da ya fitar da mu. Kawuna, wan mahaifiyata, ya rasu da damina a ƙauyensu kusa da Kagoma. An binne shi a lokacin, amma aka ɗage taron tunawa da shi sai an shigar da amfanin gona. Kawu mabushin ƙaho ne. Ga wanda bai taɓa ganin irin wannan busa ba, kowane ƙaho murya ɗaya tak gare shi. Mutum ɗaya ba ya iya busa waƙa, sai dai su jeru, wannan ya sa tasa muryar, wancan ya sa tasa, kowa a daidai lokacinsa, har waƙa ta haɗu. In mutum ɗaya bai zo ba, za ka ji rami a tsakiyar waƙar.

Al'adarsu ita ce, in mabushi ya mutu, ran taronsa sai a ɗora ƙahonsa a kan turmi a tsakiyar fili, sauran su busa waƙarsa su bar gurbinsa shiru. Wanda zai gaji ƙahon shi zai amsa da bakinsa a wannan gurbi, a gaban jama'a. In an zaga waƙar har aka gaji ba wanda ya amsa, sai a rataye ƙahon a rumbu, duk waƙar da ke bukatar muryarsa kuma ta tafi ke nan. Ƙahon Kawu kuwa shi ne mai babbar murya, kusan babu waƙar da ba ya cikinta. Kawu 'ya'ya mata Allah ya ba shi. Ɗan ƙanensa da aka sa wa rai yana aikin gadi a Legas, ya bugo waya ya ce a yi haƙuri. Saboda haka na cika wayata da caji, na ce ko ba komai zan ɗauko busarsu ta ƙarshe in ajiye. Zuciyata ba daɗi, gaskiya.

Ba mu kai Kujama ba abokina ya kunna abin da ya saba, wato kiɗan kaboyi na Amurka. Ban san wanda ya haɗa mutanen kudancin Kaduna da wannan kiɗa ba, amma da wuya ka shiga motar ɗan wajenmu da ya haura hamsin ba ka ji wani Bature yana kuka da gita ba, matarsa ta tafi, karensa ya mutu, motarsa ta lalace. Ina tsokanar abokina a kai, amma ni ma ina so. Akwai wata ƙungiyarsu ta 'yan'uwa maza da nake ƙauna saboda yadda muryoyinsu ke kwanciya a kan juna, da kuma mai babbar gita da ke tafiya a ƙasa, dum, dum, ba gaggawa, irin takun mai zuwa gona.

A nan ne uwargida ta juyo daga kujerar gaba.

"Baban Rahila, ka kunna janareto ɗin naka ko? Tun da safe?"

Dole in yi muku bayani. Ni ban iya waƙa ba, ko a ƙungiyar mawaƙan coci an taɓa roƙona cikin ladabi in koma wajen masu shirya kujeru. Amma da zarar kiɗa ya shige ni, sai in fara wani gurnani a maƙogwaro, ina bin muryar da ke can ƙasa, ban ma san ina yi ba. Shi ne uwargida ta raɗa wa suna janareto. Ta yi faɗa, ta yi mintsini a cikin sujada, har a gidan biki ta taɓa canza tebur. Hali zanen dutse.

Hanyar Kachia tana nan yadda kuka san ta: wani wuri sumul, wani wuri sai direba ya zaɓi ramin da ya fi so ya faɗa. Shingen jami'an tsaro ba iyaka, amma ba wanda ya tsare mu da wata doguwar magana. Tun kafin mu shiga garin ƙamshin citta ya tare mu, an shanya ta a gefen titi, mata suna juya ta da ƙafa. Muka tsaya karin kumallo kusa da tasha, waina da miyar taushe, muka ƙara da balangu mai zafi. A bakin rumfar mahautan ne na gamu da makaɗan farko na tafiyar, masu kalangu su uku. Jama'a, kalangu magana yake yi, wanda bai ji ba kunnensa ne ke barci. Babbansu ya hango allin da ya maƙale a aljihun rigata, nan take ya matse kalangun a hammata ya shiga kirarin malamin makaranta, har mahauta suka fara dariya suna nuna ni da wuƙa. Na yi abin da ya kamata, na sallame su. Amma wanda ya tafi da hankalina shi ne na bayansu, mai ƙaramar ganga, wanda bugu ɗaya yake maimaitawa tun da muka zo har muka tashi, bai ɗaga kai ya kalli kowa ba.

Daga Zonkwa ƙasa ta fara sauya kama, duwatsu suka matso, dawa ta sunkuyar da kai a gonaki. Rana na tsaka muka shiga Kafanchan. Duk lokacin da na tsallaka layin dogon nan sai na ji wani iri. Ciyawa ta cinye ƙarafan, awaki na kiwo inda a da jiragen kudu da na arewa ke haɗuwa. Amma jirgin ƙasa ya bar wa garin gado ɗaya da bai yi tsatsa ba, wato kiɗan hailaif.

Akwai wasu makaɗansa a garin, ni Tsofaffin Reluwe nake kiransu. Su biyar ne suka rage, kowace Juma'a da la'asar suna haɗuwa ƙarƙashin mangwaro a bayan shagon gyaran rediyo na shugabansu, Baba Sande. Mahaifinsa daga Gabas ya zo aikin zuba wa jirgi gawayi, shi kuwa a nan aka haife shi, yana jin harsuna huɗu, yana zagi da dukansu. Saksofon ɗinsa an ɗaure wani wuri da roba, mai babbar gita igiya uku ta rage masa, mai ganga sai ya sha maganin ciwon gwiwa kafin ya zauna. Amma da suka ɗauko wata tsohuwar waƙa ta masoyin da ke jiran jirgin yamma, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ba sa gudu, ba sa nuna gwaninta, kowa yana ba ɗan'uwansa hanya. Da tsohuwar zuma ake magani. Abokina, wanda ke cewa in ba kaboyi ba ba kiɗa, na gan shi ya cire hula yana jujjuya ƙugu a kan benci.

Da suka huta na gaya wa Baba Sande inda za mu. Ashe ya san Kawu, sun sha haɗuwa a wuraren biki. Ya goge bakin saksofon da gefen riga.

"Ticha," ya ce, "mu masu wannan abu surutu ne da mu. Kawunka magana ɗaya ne yake da shi duk rayuwan shi. Amma ina gaya maka, bai taɓa latti ba. Ko sau ɗaya."

Muka ci tuwon acca da miyar karkashi a wani gidan abinci kusa da kasuwa, irin miyar da in ba ka yanke ta da yatsa ba za ta bi ka har gwiwar hannu. Kafin rana ta faɗi kuma na ja su wurin wasu samari masu kiɗan rege da na daɗe ina bibiya a waya, suna gwaji a gaban wani shagon aski. Waɗannan yara suna haɗa Hausa da Turancin buroka da yaren gida a baiti ɗaya, kuma ya zauna daram. Suna da wata waƙa a kan manomin da ke hango gonarsa ta nesa daga bakin gari, tsoro ya hana shi zuwa. Ba zagi a cikinta, ba kuka, amma duk wanda ke wurin ya san wani da ake nufi. Babbar gitarsu har kwanon rufin shagon take girgizawa. Uwargida ta ce ita gashin kansu ne bai yi mata ba, sai an kai su wurin mai askin nan da ke bayansu. Na duba ƙasa, na ga ƙafarta tana bin kiɗan. Janareto kuwa ya yi ta aiki, ba wanda ya ji saboda ƙarar sifika.

A Kafanchan muka kwana, Asabar da safe muka nufi Kagoma. Doya ce jibge a bakin hanya, manya-manya, uwargida ta sauka ta taya, ta dawo tana cewa ko a Kaduna ba a yi mata wannan rashin kunya ba, amma dai ta sa aka loda mana a but. Daga inda kwalta ta ƙare muka bar motar a gidan wani fasto muka hau acaɓa. Wanda ya ɗauke ni ya tsallaka rafi da ni ba tare da ya rage gudu ba, yana ba ni labarin ƙwallo.

'Yan badujalar coci ne suka tare mu a bakin ƙauye, suna jagorantar jama'a zuwa gidan Kawu. Kayan busarsu duk sun lotsa, wani lokaci mai bigila yana gabas sauran suna yamma, amma ina son su haka nan. Badujalar ƙauye ba ta san a yi abu da rabin zuciya ba. Bayan addu'a da gajeren wa'azi sai matan zumuntar coci suka shigo fili da ankonsu, kuma a nan zan faɗi abin da na sha faɗa: duk duniya ban san ƙungiyar da ta kai matan zumuntar ƙauye riƙe kiɗa ba. Tukwanen ƙasa ne fa kawai, da kacau-kacau, da guntun ƙarfe. Mai ba da waƙa ta jefa, sauran su cafe, tukwane suna amsawa daga ƙasa har ka ji a cikinka. Sai dai ranar babbar tukunyar tana gefe a kife. Mai buga ta ita ce matar Kawu, wadda muke kira Mama, tana zaune a tabarma cikin 'ya'yanta, ta rame, hannuwanta a kan cinya.

Da rana ta ɗan karkata aka fito da turmi. Baba Ayuba, babban mabusan, tsoho mai furfura har a gira, ya ɗauko ƙahon Kawu da hannu biyu ya ɗora. Ƙahon gwanki ne, an ƙara masa duma a baki an liƙe da kakin zuma, ya yi baƙi saboda hannu. Mabusan suka zuba ruwa a nasu ƙahonin suka zubar, domin busasshen ƙaho ba ya ba da murya. A da da burkutu ake yi, in ji wani dattijo kusa da ni, ya faɗa yana satar kallon fasto. Suka yi da'ira, suka bar wurin tsayuwar mutum ɗaya. Fili ya yi tsit. Na ɗaga waya.

Ƙananan ƙahoni suka fara, na tsakiya suka shigo, waƙa ta tashi tana hawa, ta zo daidai inda babbar murya za ta tare ta, sai shiru. Na sha jin ana cewa mutuwa ta bar gurbi, amma ban taɓa jin gurbin da kunnena ba sai ranar. Waƙar ta yi kamar mai saukowa daga tsani ya taka inda ba mataki. Suka zago, suka sake isowa wurin, shiru. Mama ta ja gyale ta rufe fuska. Na duba samarin da ke tsaye a bayan fili, kowa ya sunkuyar da kai, wani yana latsa waya. Baba Ayuba yana busa, idanunsa na yawo a kan jama'a, hawaye na bin kumatunsa.

Ni dai na san na rufe ido don kada in ga Mama a haka. Ina yaro, duk hutun makaranta a gidan Kawu nake yi, in suna busa a gindin ƙafarsa nake zama, saboda haka ni waƙoƙin nan daga wurin muryarsa na koye su. Waƙa ta sake zagowa, ta hau, ta iso bakin ramin.

Sai janareto ya tashi.

Mintsinin uwargida ya iso, amma ya makara. A cikin wannan shiru, gurnanin da na saba yi a ɓoye ya fita tamkar na yi shi a lasifika. Ƙahoni suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Na buɗe ido na ga duk ƙauyen ni yake kallo.

"Wane ne ya amsa?" in ji Baba Ayuba, alhali idonsa a kaina yake.

Na miƙe. Na ce Baba a yi mini afuwa, kuskure ne, hali ne da nake da shi, ga matata a tambaye ta. Na ce ni a Kaduna nake zaune, ina da aji, na haura hamsin, ban taɓa sa ƙaho a baki ba. Da na ga ba wanda ya motsa, na kawo hujjar da nake ganin ta fi ƙarfi, na ce ni ɗan mace ne a gidan nan.

Baba Ayuba ya share fuska da bayan hannu.

"Ɗan mace ba shi ne yana kama kazan kawun shi ba tambaya ba? Kaza nawa ka ci a gidan nan? Yau ƙaho ne ka ce kai baƙo?" Jama'a suka fara dariya ƙasa-ƙasa. "Mu ba mu kira ka ba, ɗana. Waƙa ya tambaya, kai ka amsa, kuma ka amsa a daidai wurin. Kaduna ba sama ba ne, mota yana zuwa."

Na juya wurin uwargida neman ceto, na tarar ta toshe baki da gyale, ban sani ba ko dariya take ko kuka. Sai Mama ta sauke nata gyalen ta dube ni.

"Ticha, ɗauka mana," ta ce a hankali. "Kar su rataye shi."

Tsoro na ji, ba zan ɓoye muku ba. Amma na taka na je gaban turmin na ɗauka. Ya fi yadda nake zato nauyi, kuma yana warin hayaƙin ɗakin Kawu. Aka zuba mini ruwa a ciki, aka nuna mini ramin da ke gefe inda ake sa leɓe. Na cika ƙirji na busa. Abin da ya fito, wata akuya da ke ɗaure a bayan rumbu ce kaɗai ta gane shi, ta kuwa amsa. Fili ya kece da dariya, har fasto sai da ya dafa bishiya. Baba Ayuba ya matse mini leɓe da yatsunsa ya ce in daina hura wuta, in yi kamar zan tofar da ƙwayar gero. Na yi ta yi, kumatuna suka yi zafi, idanuna suka yi ja. Can sai ga ta. Murya ce a dishe, tana rawa, amma ita ce.

Ba su jira na huta ba suka tura ni cikin da'irar, wurin da suka bari. Waƙa ta tashi. Zagayen farko na makara, na biyu na riga lokaci. A na uku na rufe ido, na bar kunnena ya yi aikin da ya saba, muryar ta faɗa cikin gurbinta. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Da na buɗe ido sai na ga Mama ta tashi daga tabarma, ta je ta birkice babbar tukunyarta, ta zauna ta fara bugawa. Matan zumunta suka bi ta, 'yan badujala ma ba a gayyace su ba suka shigo. Ban taɓa jin farin ciki da kewa sun haɗu mini wuri ɗaya irin na wannan yammaci ba.

Waɗanda suka ce in ɗauko musu bidiyo, ku yi haƙuri. Wayar ta faɗi tun lokacin da aka ce wa ya amsa, abin da ta ɗauka ƙafafun mutane ne da wata kaza.

Lahadi bayan sujada muka kamo hanya, wannan karon ta Kwoi da Kagarko, don abokina yana son ya sayi manja da gyaɗa. Ƙahon yana kan cinyar uwargida, Mama ta naɗe shi da zanen zumuntarta. A wani shinge soja ya leƙo ya tambayi mene ne wannan, uwargida ta ce masa kayan aikin maigida ne. Abokina bai bar ni na sha iska ba, kowane ƙauye muka wuce sai ya ce baki shi ke yanka wuya. Ya kunna kaboyinsa, ni kuwa leɓena ya kumbura, ko gurnanin ban iya ba. Muka iso Sabon Tasha da sauran rana, da doya, da citta, da aikin da ban nema ba. An yanka mini sharaɗi: duk ƙarshen wata in je gwaji, kuma ranar Kirsimeti a fili za ta same ni.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, shekara da shekaru ina cewa ina son kiɗa, ashe wuri ɗaya nake saurare a cikin kowane kiɗa. Mai babbar gitar kaboyi, da mai ƙaramar gangar Kachia, da tsohon nan mai igiya uku, da tukunyar Mama, duk mutum ɗaya nake nema a cikinsu, wanda zai tsaya a wurinsa ya riƙe wa sauran. Na kuma gane cewa waya ba ta ajiye waƙa, sai dai ta ajiye labarinta. Don haka masu tambayar wace ƙungiya na fi so, ga amsa: wasu tsofaffi ne a wani ƙauye kusa da Kagoma, kuma wanda ya fi kowa rashin iyawa a cikinsu shi ne ni.

Yanzu kullum in na taso daga makaranta sai in zaga bayan gida in yi gwaji. Maƙwabcinmu ya aiko a tambaya ko saniya muka saya. Uwargida, wadda ta shekara ashirin da wani abu tana kashe janareto, ita ce yanzu ke rera mini sauran muryoyin daga kicin tana buga bayan tukunya, ni kuma in jira gurbina in shiga. Jiya ina cikin yi ta leƙo ta taga, da ludayi a hannu.

"Baban Rahila, ka yi latti. Kawu ba ya latti. Sake."

Na zuba wa ƙahon ruwa, na sake.